Alat ɗin da bai shigo ba: yadda muka mayar da ɗiyar maƙwabcinmu ɓarauniya cikin kwana biyu

Na daɗe ina so in rubuta wannan abun sai in fasa, saboda nima da hannuna a ciki kuma ba abu ne mai daɗin faɗa ba. Sai da na je na nemi izinin mahaifin yarinyar, yace in rubuta amma kar in kama suna kar in faɗi layinsu, to ba zan faɗa ba, ita ma mai kantin ba zan ambaci sunanta ba. Ni sana'ata POS, ina da 'yar rumfa ta wajen Bauchi Road a nan Jos, don haka maganar tiransifa da alat da netwok abu ne da nake kwana dashi nake tashi dashi, shi ya sa ma abun yafi damuna, don ni ne ya kamata in fara cewa a dakata.

Abun ya faru ne a Fabrairun 2023 lokacin wahalar kuɗi. Duk wanda yake ƙasar nan a lokacin ba sai an tuna masa ba. Babban banki ya canza fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, aka sa wa'adin 31 ga Janairu sannan aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, mutane sun kwashi tsofaffin kuɗi sun kai banki sababbin kuma babu su, ga zaɓe ya matso 25 ga wata. Kowa ya koma tiransifa dole, mai tumatir a Farin Gada, mai keke, mai shayi, har tsohuwa mai ƙosai sai da jikanta ya ba da lambar asusunsa ana tura mata. Netwok ɗin bankuna ya kasa ɗaukar wannan lodin. Zaka tura kuɗi a cire maka nan take amma wancan bai gani ba, wani sai bayan awa goma, wani kwana uku, wani kuma ya dawo maka bayan sati. A daidai wannan ruɗanin ne 'yan damfara suka samu kasuwa, suna haɗa risit na bogi a waya mai kama da na gaske sak, su nuna maka su ɗauki kaya su tafi, don sun san ba mai iya tabbatarwa a take. Dole a riƙe waɗannan abubuwa biyu tare in ana so a fahimci lamarin, akwai alat na bogi da gaske, akwai kuma kuɗin gaske da ke maƙalewa a hanya, kuma a idon mai kanti duk kamarsu ɗaya.

Yarinyar bata wuce ashirin da ɗaya ba a lokacin, tana koyar da ƙananan yara a Islamiyyar unguwa, an sa ranar aurenta bayan ƙaramar sallah. Wata Talata da yamma taje wani kantin atamfa ta wajen Terminus ta ɗauki turmi biyu da mayafi, kuɗi ya kama dubu talatin da huɗu. Hajiyar mai kantin bata nan, yaron shagonta ne. Ta tura kuɗin a gabansa, aka cire mata, ta nuna masa risit ya ɗauki hotonsa, suka jira kamar minti ashirin alat bai shigo wayar Hajiya ba da ya kira ta, magariba ta kawo jiki, sai yace mata je ki kawai Anti zai shigo, haka ake ta yi tun safe. Ta bar masa lambarta, ita ma ta ɗauki ta shagon don ta riƙa ganin sababbin kaya a sitatus. Washegari da sassafe ita da mahaifiyarta suka tafi ta'aziyya wani ƙauye can bayan Toro, wajen da ko sabis babu sai ka hau tudu, ga ba wuta, waya ta mutu.

Laraba da hantsi Hajiya ta duba saƙonni babu alat. Manhajar bankin taƙi buɗewa kamar yadda ta saba a kwanakin nan. Ta kira lambar a kashe, ta sake kira a kashe. Nan fa zuciya ta ɗebe ta, kuma don Allah a yi mata adalci a nan, a cikin watan kaɗai sau biyu aka yi mata alat na bogi na gaske, ɗaya ma kayan sun haura dubu ɗari, ta kai ƙara aka yi ta mata jeka ka dawo har ta gaji ta bari. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake. Shi kuma yaron shago da yaga za a cire a albashinsa sai labari ya fara canzawa a bakinsa, wai dama tun da ta shigo bai yarda da ita ba, wai sai sauri take tana waige-waige. Alhali magariba take gudu. Wannan wajen na daɗe ina tunaninsa, da zarar an sa wa mutum sunan ɓarawo sai duk motsinsa na baya ya koma hujja, saurinsa hujja, shirunsa hujja, ko murmushi yayi a ce na yaudara ne.

Bayan azahar Hajiya ta ciro bidiyon kyamarar shago, ta haɗa da hoton da yarinyar ta sa a WhatsApp ɗinta da hoton risit mai ɗauke da cikakken sunanta, ta ɗora a sitatus sannan a wani guruf na saye da sayarwa na Jos a Facebook. Abin da ta rubuta bai fi layi uku ba, cewa ga fuskar mai yawo da alat na bogi tana cutar 'yan kasuwa, a taya ta yaɗawa har a kamo ta, Allah ya isa.

Kafin la'asar ya shigo guruf ɗinmu na masu POS. Ni da hannuna na ɗauka na tura wasu guruf guda uku, har na ƙara da cewa ku kula da wannan. Ban tsaya na kalli fuskar da kyau ba, bidiyon daga sama aka ɗauka kuma tana da hijabi, sunan ma ban karanta ba, abin da na gani kawai shi ne an cuci 'yar uwata 'yar kasuwa kuma gobe ni za a iya yi wa. Wallahi a lokacin ji nayi kamar aikin lada nayi. Sai da dare maiɗakina ta miƙo min wayarta tace kai wannan ba ɗiyar Malam bace ta bayan layinmu? Na duba da kyau, ita ce. Yarinyar da tun tana rarrafe na santa, wacce take zuwa rumfata cire wa babanta kuɗi tana ce min Yaya. Na koma na goge abin da na tura amma an riga an kwashe, kuma ko a lokacin, in faɗi gaskiya, ban ce sharri aka mata ba, cewa nayi a raina ikon Allah, mutum ba a shaidarsa.

Daga daren Laraba zuwa Alhamis abun ya bar hannun Hajiya gaba ɗaya. Wani babban shafi na tsegumi ya ɗauka ya sa nasa kanun, dubu talatin da huɗu ta zama dubu ɗari uku, kanti ɗaya ya zama kantuna da dama. Wani ya mayar da shi TikTok ya sa masa sauti yana maimaita wajen da take fita daga shago a hankali. A ƙarƙashin kowanne sai kaga 'yan bincike sun fito, wannan yace ya santa a sakandare, wancan ya faɗi unguwa, wata ta faɗi Islamiyyar da take koyarwa, wani ya rubuta cewa babanta ma ladan ne a masallaci kaza kuji fa. Kowa ɗan guntu ya kawo, ba wanda yake ganin shi yayi wani abu babba, amma da aka harhaɗa sai ga cikakken kwatancen gidan mutane a fili kowa na gani. Wata mata daga wani gari da bata taɓa taka Jos ba ta rantse ita ma wannan yarinyar ce ta cuce ta bara. Lambar wayar dake jikin hoton ba a rufe ta ba, saƙonni suka yi ta taruwa suna jiran a kunna waya.

Sannan aka samu ta biyu. Wani ya ɗoro hoton wata yarinya daban daga Tudun Wada yace ai ita ce, hijabin ɓad-da-kama ne kawai ta sa, ba musulma bace. Kama ce kawai ta fuska da tsawo. Nan take sharhi ya juya, aka bar maganar atamfa aka koma su waye ɓarayi mu ko ku, wasu na cewa an sa hijabi don a ɓata addini, wasu na cewa ku dai ku karɓi kayanku. Duk ɗan Jos da ya ga wannan yasan inda irin maganar nan take kaiwa. Mun ga 2001, mun ga 2008, mun ga 2010. Kuma a Yunin 2018 bayan harin da aka kai ƙauyukan Gashish a Barikin Ladi, hotuna suka cika Facebook ana cewa ga abin da aka yi, matasa suka tare hanya a kudancin Jos suna fito da matafiya daga mota suna kashewa. Binciken da BBC ta fitar a Nuwamban shekarar ya nuna wasu daga cikin hotunan ba ma na Filato bane, akwai bidiyon da daga Kongo Brazabil yake kuma ya shekara da shekaru, 'yan sandan jihar da kansu sun ce hotunan ƙarya sun ƙara rura wutar. Binciken ya kuma ce a lokacin mutum huɗu ne kacal ke tantance labaran Facebook na Najeriya gaba ɗaya kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. To a garin da ya ga wannan ne ake wasa da hoton 'yar mutane. Allah ya taimaka wani ɗan uwan ta Tudun Wadan ya shigo da wuri ya nuna ita tana makaranta a wata jiha tun Janairu, wanda ya ɗora ya goge shiru ba ko a yi haƙuri. Amma ita ma ta sha zagi na kwana guda kan atamfar da bata taɓa gani ba.

Alhamis da daddare suka kamo hanyar gida. Mahaifiyarta ta bani labari daga baya, tace wajen Tilden Fulani yarinyar ta jona waya a cajin mota ta kunna, wayar ta ɗinga ƙara ba tsayawa kamar zata fashe, tana dubawa sai taga ta daskare ko ƙiftawa bata yi, ta tambaye ta lafiya tace Umma wai ni ɓarauniya ce. Kafin su iso gida ƙanwar baban saurayin ta riga ta kira sau biyu. A ƙofar gida kuma an samu wasu samari da suka zo da yamma suna tambaya nan ne gidan mai alat, ƙannenta maza suka fito saura kaɗan a kaure, dattawan layi ne suka raba.

Juma'a da safe Malam da kansa ya zo rumfata, ita tana bayansa idonta sun kumbura. Yace ɗan nan kai ka san harkar nan, duba min, in ta ci kuɗin mutane ni zan kai ta da hannuna, in kuma bata ci ba ina so in sani. Na karɓi wayar na shiga manhajar bankin da ƙyar, ban tsaya kan risit ba don risit kowa na iya bugawa, na shiga tarihin asusun. Ga cirewa nan ranar Talata, dubu talatin da huɗu, sunan kantin, ga doguwar lambar nan da kowace tiransifa tsakanin bankuna take ɗauke da ita wacce da ita ake bin sawun kuɗi. Kuɗin basu dawo ba. Duka-duka ban yi minti biyar ba. Nace Baba Malam ta biya, kuɗinta sun fita. Bai ce komai ba ya ɗaga hannu sama kawai. Ita kuma tace Yaya to me yasa suke cewa haka, ni kuma ga guruf uku a cikin wayar dake aljihuna. Ban iya faɗa masa a ranar ba, sai bayan sati biyu naje gida na same shi na faɗa, yace Allah ya yafe mana gaba ɗaya, kalmar bata fi haka ba amma har yau tana min nauyi.

Samun hujja a takarda shi ne wahala. Litinin tun asuba cikin sanyin nan na Jos muka je layin banki aka bamu lamba, sai bayan azahar muka samu shiga aka buga mata bayanan asusunta da hatimi. Amma wannan rabin magana ne, ɗaya rabin yana asusun Hajiya kuma sai da yardarta za a iya dubawa. Da farko taƙi, tace ita ba zata bar kasuwa taje layi saboda ɓarauniya ba, har da cewa takardar ma ai ana iya haɗawa. Sai da mai unguwarmu ya kira shugaban 'yan kasuwar layinsu, shi kuma ya sa ɗanta ya je ya ciro nata. Kuɗin suna ciki. Sun shiga tun asubahin Laraba wajen ƙarfe huɗu, saƙon alat ɗin ne kawai bai zo ba. Wato lokacin da take haɗa bidiyo da hoto tana rubuta Allah ya isa, dubu talatin da huɗun suna kwance a asusunta kusan awa goma.

An zauna a zauren mai unguwa ranar Laraba, sati guda cif. Hajiya ta zo da mijinta, tayi kuka sosai kuma na yarda kukan gaske ne, ta durƙusa gaban Malam tace ya yafe mata sharrin shaiɗan ne da zafin asara. Wani ɗan uwansu lauya da ya zo yace in suna so akwai hanya, dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta hukunta ɓata suna, ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wanda a yadda yake a lokacin hukuncinsa na iya kaiwa tarar naira miliyan bakwai ko ɗaurin shekara uku, ko kuma su shigar da ƙarar neman diyya. Malam yace shi ba zai kai 'yarsa kotu ana ɗage zama ana sake ɗaukar hotonta ba, ya yafe. Mai unguwa ya juya ga yarinyar yace ke fa 'yata, don ke aka yi wa. Tayi shiru can tace ranka ya daɗe na yafe, amma wa zai je ya faɗa wa iyayen yaran da nake koyarwa? Ba wanda ya amsa mata. Ashe tun ranar Asabar uwaye uku sun je sun ce a canza wa 'ya'yansu aji.

Abin da aka yanke shi ne Hajiya ta fito ta janye a duk inda ta ɗora. Ta yi. Ta sa a sitatus, wanda bayan awa ashirin da huɗu ya ɓace, ta rubuta a guruf ɗin Facebook ɗin. Na bi rubutun janyewar ina dubawa kwana da kwanaki, waɗanda suka tura shi gaba zaka iya ƙirga su da yatsu, kuma rabin masu sharhi yabon Hajiya suke wai ta nuna dattako. Babban shafin tsegumin goge nasa kawai yayi bai ce uffan ba, da muka tura musu takardar banki muka roƙi su ɗora ba su ko amsa ba. Na TikTok kuwa an riga an sauke an sake ɗorawa a wurare da yawa, mun kai rahoto an cire wasu an bar wasu. WhatsApp tun Janairun 2019 suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, bayan kashe-kashen da jita-jitar satar yara ta jawo a Indiya a 2018, amma wannan bai hana komai ba a nan, mutum biyar kowa ya tura wa biyar, ga sitatus ga sikirinshot.

Da na zauna ina lissafin wa ya yi me, sai naga laifin Hajiya shi ne mafi sauƙin gani amma ba shi ne mafi girma ba. Ita tana da asara a baya, tana da dalilin zargi ko da bai kai hujja ba, kuskurenta shi ne ta tsallake mataki ɗaya da bai fi ta aiki ɗanta banki ba, ta tafi kai tsaye ga hukunci. Masu shafin tsegumi su ba a cuce su ba, basu san kowa ba, su mabiya suke nema don mabiya su ne talla, talla kuma kuɗi, shi ya sa suka ƙara sifili a kuɗin kuma shi ya sa janyewa bata da amfani a wajensu. Wanda ya rubuta unguwa da sunan masallaci, a ganina shi ne ya fi kowa kusa da jawo jini, don shi ya ɗauko abun daga waya ya kawo shi ƙofar gida. Sai mu, masu turawa, mu ne muka fi yawa kuma mu ne kowa ke cewa ai ni turo min aka yi. In ba mu, rubutun Hajiya da ya tsaya a wajen kwastomominta, cikinsu ma wata zata iya cewa Hajiya na san yarinyar nan bari mu je gidansu.

Ba ina cewa fallasa bata da amfani kwata-kwata bane. Na san dalilin da yasa mutane suka koma wannan hanyar, ka kai ƙara a ce kawo kuɗin mai, shari'a ta shekara uku kan dubu hamsin, to sai mutum yaga wayarsa ta fi masa sauri. Kuma akwai inda ta yi aiki, zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 bidiyo ne daga Ughelli ya tayar da ita. Amma a duba su wa ake fallasawa a can, masu bindiga ne da iko waɗanda talaka ba shi da wata hanyar taɓa su. Nan kuwa garin guda ne ya taru kan yarinya ɗaya da wayarta ke kashe. Shi ma sashe na 24 ɗin nan da lauyan ya ambata, an fi jin sa lokacin da manya ke kama 'yan jarida da masu suka, har kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka gyara shi a 2024 aka rage faɗinsa. Irin su ɗiyar Malam ba kasafai yake musu rana ba. Kundin tsarin mulki a sashe na 36 yace duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, amma wannan a gaban alƙali ne, a ƙarƙashin bidiyo ba mai tuna shi.

Kuma ba mu kaɗai bane, masu ilmin da kayan aikin ma sun faɗa wannan ramin. Bayan tashin bam a gasar gudu ta Boston a Amurka a Afrilun 2013, masu amfani da shafin intanet na Reddit suka zama 'yan bincike suna duba hotuna, suka nuna wani ɗalibi da ya ɓace suka ce shi ne, aka addabi iyayensa dake cikin neman ɗansu, ashe yaron ba ruwansa, daga baya aka tsinci gawarsa, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. A namu nan kuma mun san inda ihun ɓarawo ke ƙarewa in ya sauko titi, ɗaliban nan huɗu da aka kashe a Aluu ta jihar Ribas a 2012, da mafarauta goma sha shida 'yan Kano da aka ƙona a Uromi a Maris ɗin 2025. Da abun Uromi ya faru duk muka yi ta Allah wadai, kuma da gaskiyarmu, amma ni da na ga bidiyon abin da ya faɗo min shi ne samarin nan da suka tsaya a ƙofar gidan Malam suna tambaya nan ne gidan mai alat.

Da can ma ana tozarta ɓarawo, ba sabon abu bane, a rataya masa abin da ya sata yara na binsa suna ihu a zaga kasuwa dashi. Amma a lokacin sai an kama shi da kaya a hannu, masu ihun sun san shi sun san ubansa, akwai dattijon da zai ce ya isa haka, kuma in abun ya ishe shi zai iya tattara nasa ya koma wani gari ya fara sabuwar rayuwa. Yanzu ba a kama ka da komai ba, masu ihun basu san ka ba, babu dattijo a guruf, kuma duk garin da ka koma bidiyon ya riga ka isa. Abin da ya fi bani kunya shi ne dukkanmu mun san ayar nan ta shida a Suratul Hujurati da tace in an zo muku da labari ku bincika kada ku cutar da mutane cikin rashin sani ku wayi gari kuna nadama, mun san abin da Suratun Nur ta faɗa kan ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, yadda ake karɓar magana daga harshe zuwa harshe ana ɗaukarta ƙaramar abu. Mun san hadisin da yace ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji. Wasunmu a sitatus ɗinsu na ranar ma akwai irin waɗannan, sama da bidiyon yarinyar ko ƙasa dashi.

Auren an ɗaga shi. Saurayin ya tsaya tsayin daka, shi ya riƙa yawo da hoton takardar bankin yana nuna wa danginsa ɗaya bayan ɗaya, amma wasu daga cikin gwaggwanninsa suka ce ko ba ta yi ba sunan ya riga ya fita, a bari ƙura ta lafa. An ɗaura bayan babbar sallah ba wani taro. Bata koma koyarwa ba duk da shugaban Islamiyyar ya zo gida har sau biyu, ta canza layi, ta rufe duk wani shafi da take dashi, kuma har yau bata zuwa Terminus, in tana son abu ƙanwarta take aika. Atamfar ma bata ɗinka ba, mahaifiyarta tace tana nan cikin leda a ƙasan akwati. Hajiya tana nan tana kasuwarta, yanzu ta sa doka ba mai fita da kaya sai kuɗi sun nuna a asusu, yaron shagon kuma ta sallame shi.

Bidiyon bai mutu ba. Bara ya sake fitowa da sunan wani gari daban an ce a Kaduna ne, kuɗin sun zama rabin miliyan. Na ajiye hoton takardun bankin guda biyu a wayata, na rufe lambobin asusu da sunaye, duk inda na ci karo dashi sai in tura wa mai guruf ɗin in masa bayani. Wasu su cire su yi godiya, wasu su karanta su yi shiru. Na ƙarshe watan jiya ne a wani guruf na 'yan kasuwar waya, na bi wanda ya ɗora ta bayan fage na tura masa takardun nace ɗan uwa don Allah ka goge, yarinyar nan ta biya kuma matar aure ce yanzu har da ɗa. Ya goge, sannan ya rubuto min cewa wallahi shi bai sani ba, shi ma turo masa aka yi.